Bangaskiya a Tsakiyar Makarantar Gida

A ranar da muka kai 'ya'yanmu majami'a domin a yi musu baftisma, tun kafin a zuba ruwa ko a shafa mai, Fada ya tsayar da mu a gaban jama'a ya tambaye mu ko mun gane nauyin da muke ɗauka, wato na renon jaririn nan cikin bangaskiya. Muka amsa cewa mun gane. In za mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikinmu mun amsa ne hankalinmu yana can gida, wurin tukunyar da ke kan wuta da baƙin da ke jiran abinci. Bayan shekara biyar ko shida muka ɗinka wa yaron kayan makaranta, muka miƙa shi ga malamin aji ran Litinin, muka miƙa shi ga malamin katekisma ran Asabar, sannan muka numfasa kamar wanda ya sauke dami a inuwa. Muka ɗauka alkawari ya cika.

Shekarun nan da suka wuce sun sake ɗora mana damin a ka. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona, yara suka yi watanni a gida. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba na wannan shekara, sannan 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu na 2021, sannan ɗaliban makarantar Bethel ta 'yan'uwanmu Baptis a kusa da Kaduna cikin Yuli na 2021. A watan Nuwamba na 2025 masifar ta shigo ɗakinmu, sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa makarantar Katolika ta Papiri, cikin dayosis na Kontagora, suka tafi da yara fiye da 200 tare da malamansu. Duk lokacin da irin wannan ta auku akan rufe makarantu, wani lokaci a jiha baki ɗaya. Ko an buɗe kuma, akwai iyayen da zuciyarsu ba ta ƙara yarda su mai da ɗansu makarantar kwana ba, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsu.

Saboda haka a gidaje da dama uwa da uba sun wayi gari su ne malaman 'ya'yansu, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Kowane Kirista zai ce a irin wannan makaranta ta gida bangaskiya ce ya kamata ta zauna a tsakiya. Maganar tana da daɗin ji, kuma gaskiya ce. Amma me take nufi? Muna ganin ya dace mu tsaya a kanta, domin akwai abubuwan da sukan sa rigar bangaskiya su zauna a kujerarta, mai gida bai sani ba.

Ba mu muka fara wannan tambaya ba. Ƙasar da ta fi daɗewa tana muhawara a kanta ita ce Amurka, kuma labarinsu yana da abin koyo. A 1922 jihar Oregon ta kafa doka cewa kowane yaro tilas ya shiga makarantar gwamnati. Wata ƙungiyar Sistoci masu makarantu ta kai ƙara, kuma a 1925 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta rushe dokar, ta ce yaro ba mallakar hukuma ba ne, iyayen da suka rene shi suna da haƙƙin zaɓa masa hanyar ilimi. A 1962 da 1963 kotun nan ta hana addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da hukuma ke jagoranta a makarantun gwamnati, abin da ya sosa zukatan Kiristoci masu yawa. Daga ƙarshen shekarun 1970 iyaye suka fara janye 'ya'yansu suna koya musu a gida, wasu har da fuskantar shari'a, sai a 1993 abin ya zama halal a dukan jihohi 50. Hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta kiyasta yara kimanin 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, kuma kafin 2012 adadin ya ninka.

'Yan Katolika sun makara wajen shiga wannan hanya, domin suna da tasu mafita tun da. Bishop-bishop na Amurka da suka taru a Baltimore a 1884 sun umarci kowace ikilisiya ta gina makaranta, har a tsakiyar shekarun 1960 yara fiye da miliyan 5 ne ke cikin makarantun Katolika. Da Sistoci masu koyarwa suka ragu, kuɗin makaranta ya hau, makarantu da yawa suka rufe, sai wasu iyaye suka koma gida, aka kuma kafa cibiyoyi masu aika musu littattafai da jarrabawa, irin wadda ke Front Royal a jihar Bajiniya, mai ɗauke da sunan Waliyya Elizabet Seton. Wannan ɓangare na labarin ba baƙo ba ne gare mu, mu da muka ga gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Amma ga abin da muke so mu lura da shi. Sa'ad da hukumar ƙididdigar nan ta riƙa tambayar iyaye dalilinsu na koyarwa a gida, amsar da ta fi yawan zuwa kan gaba ita ce damuwa da yanayin makaranta: rashin tsaro, ƙwayoyi, da miyagun abokai. Son koyar da addini da ɗabi'a yana nan, amma tsoro yana tafe tare da shi kafaɗa da kafaɗa. Su sun zaɓa, mu kuwa yawancinmu tilas ce ta same mu, duk da haka zuciyar iyaye ɗaya ce a can da nan.

Ikilisiya ba ta yi shiru a kan haƙƙin iyaye ba. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardar da ta fitar kan ilimin Kirista ranar 28 ga Oktoba 1965, ta ce iyaye su ne malamai na farko kuma mafi girma ga 'ya'yansu, kuma inda suka gaza da wuya wani ya cike gurbin. Majalisar nan ce ta farfaɗo da tsohon suna na kiran iyali ikilisiya ta cikin gida. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya zo mana Kaduna a 1982, ya rubuta a wasiƙarsa kan iyali ta 1981 cewa wannan haƙƙi ba a ƙwace shi, ba a kuma sallama shi ga wani gaba ɗaya. Dokokin Ikilisiya na 1983 sun ƙara da cewa iyayen da ba su sami makarantar da ke ba da tarbiyyar Katolika ba, wajibi ne su tanadi wannan tarbiyya a wajen makaranta. Ashe uban da ya zauna a tabarma yana koya wa ɗansa ba cike giɓi yake yi ba, aikinsa na asali ne ya dawo masa.

To, mece ce tsakiya? Mu dubi macen da ke ɗinkin faifai. Tana fara wa ne da ɗan ƙulli wanda bai fi kan yatsa ba, sannan ta riƙa zagaya shi da kaba, zagaye bayan zagaye, har faifai ya yi faɗi. In ka auna, cibiyar nan ita ce mafi ƙanƙanta a cikin faifan duka, kuma in an zuba gari ma ba a ganinta. Amma kowane zagaye daga gare ta ya ɗauki siffarsa. In ta karkace, babu gwanintar da za ta daidaita bakin faifan. In ta kwance, duk ɗinkin ya warware. Tsakiya ba ta nufin abin da ya fi yawa, tana nufin abin da sauran suka dogara a kansa.

Mun kawo wannan misali ne domin kuskure na farko da mukan yi shi ne auna bangaskiya da mudu. Uba yakan ce, tun da yara suna gida, bari a ninka addu'a, a ninka haddar katekisma, lissafi da Turanci sa jira. Yana jin ya fifita Allah. Amma wane Allah ne wannan da ke kishi da lissafi? Wanda muke furtawa kowace Lahadi shi ne mahaliccin sama da ƙasa, da abin da ake gani da wanda ba a gani. Shi ya sa bakwai sau takwas ya zama hamsin da shida, shi ya sa gero ke nuna a kwanakinsa, shi ya tsara yadda jini ke zagaya jiki. Yaron da ke fama da rabawa a kan allo yana taɓa aikin hannun Ubangiji ne, ko da ba a ambaci sunansa a darasin ba. Giregori Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyaye ta wurin shuka wake a lambun gidan sufaye, ya buga sakamakonsa a 1866, firist ne. Wanda ya fara nuna a 1927 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, Joj Lemetar na ƙasar Beljiyam, shi ma firist ne. Ba su bar bagade suka tafi ɗakin bincike a ɓoye ba. A wurinsu gida ɗaya ne. Uban da ya bar ɗansa ya kai shekara goma sha biyu bai iya karanta wasiƙa ba, ya ce ai ya iya Rosari, bai girmama bangaskiya ba. Ya mai da ita mafakar kasala, kuma ranar da yaron ya gane an cuce shi, da bangaskiyar zai yi fushi.

Waliyyi Tomas Mor, babban alƙalin Ingila da sarki Henri na Takwas ya sa aka fille wa kai a 1535 domin ya ƙi rantsuwar da lamirinsa bai yarda da ita ba, ya mai da gidansa makaranta. Ya ɗauko malamai, shi ma yana sa ido, aka koya wa 'ya'yansa Latin da Girkanci da ilimin taurari da ilimin hujja. Uku daga cikin 'ya'yansa huɗu mata ne, a zamanin da ba a damu da karatun mata ba, kuma bai rage musu komai ba. Babbarsu, Margaret, ta kai ga fassara littafin wani babban masani daga Latin zuwa Turanci tun tana da ƙuruciya. Da aka tsare uban a kurkuku, ita ce ta riƙa zuwa wurinsa, har ta yi gardama da shi tana neman ya yi rantsuwar ya tsira da ransa, shi kuma ya amsa mata hujja da hujja kamar yadda ake amsa wa tsara. Muna ganin wannan shi ne hoton gidan da bangaskiya ke tsakiyarsa: 'ya ta sami ilimin da za ta iya ja da ubanta, uba kuma bai ji tsoron tambayarta ba.

A nan dole mu faɗi wata magana mai ɗaci. A gidajenmu, in aka ce yara suna karatu a gida, sau da yawa namiji ne ke riƙe da littafi, macen tana riƙe da tsintsiya. Ita ce ɗiban ruwa, ita ce goyon ƙane, ita ce talla. Wata uku ya zama shekara, sai a ce ai ta girma, ga mai so ya fito. Ba a taɓa yanke shawarar cire ta daga karatu ba, abin ya zame ne a hankali. In bangaskiya ce a tsakiya da gaske, to ruwan baftisma da aka zuba mata shi ne aka zuba wa ɗan'uwanta, kuma alkawarin da muka yi a kanta bai fi nasa sauƙi ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko zurfi, domin ya fi kama da ibada. Shi ne a bar tsoro ya zauna a tsakiya, a kira shi bangaskiya. Ba tsoron 'yan bindiga muke nufi ba, wannan hankali ne. Yusufu da kansa ya ɗauki Jaririn da uwarsa da dare ya gudu Masar, kuma bai yi zunubi ba. Muna nufin tsoron da ke zama bayan haɗarin ya wuce, ya zama malami a cikin gida. Alamarsa ita ce kowane darasi yakan ƙare da gargaɗi a kan wasu mutane. Kada ka yi wasa da 'ya'yan wane. Kada ka ci abincin gidan can. Mutanen nan duk halinsu ɗaya ne. Yaron da aka rena haka zai iya haddace katekisma daga bango zuwa bango, amma abin da ya shiga ƙashinsa shi ne cewa duniya gidan maƙiya ce, Allah kuma mai gadin ƙofarmu ne kawai. Faifai ne da aka fara a karkace.

Muna zaune da maƙwabta Musulmi, kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, kuma 'yan bindigar da suka shiga Papiri irinsu ne suka shiga Ƙanƙara da Jangebe, inda iyaye Musulmi suka yi kuka irin namu. Ba banza ba ne, a ganinmu, cewa a rana ɗaya da Majalisar Batikan ta fitar da takardarta kan ilimi ta kuma fitar da wadda ta yi magana da girmamawa a kan Musulmi, ta roƙi kowa ya bar tsohuwar gaba ya nemi fahimtar juna. Ko a wajen tarbiyya muna da abin dubawa a gidajensu: yaro ɗan shekara biyar ya fito da allonsa da sanyin safiya, ya ga ubansa yana alwala a ƙofar gida, babu wanda ya gaya masa cewa addini abu ne mai nauyi, ya gani da idonsa. Makarantar gida ta Kirista da ta yaye yaro mai ƙin maƙwabcinsa ta faɗi jarrabawa a darasin da Ubangiji ya ce shi ne na biyu a girma, kome yawan addu'ar da aka yi a cikinta.

Yaya za mu gane wanne ne ke zaune a tsakiyar gidanmu? Mu saurari kanmu sa'ad da yaro ya yi tambaya mai wuya. Ɗan shekara tara zai iya ɗaga kai daga littafi ya ce, Baba, in Allah yana ƙaunarmu, don me ya bari aka sace yaran nan? Tsoro yakan daka masa tsawa ya ce kada ya ƙara faɗin haka. Bangaskiya takan ajiye alli ta zauna, ta ce wannan tambaya Ayuba ya yi ta, masu Zabura sun yi ta, Ubangijinmu da kansa ya yi kuka irin wannan a kan gicciye, ni ma ina yin ta, zo mu kai ta gabansa tare. Uban da ya iya faɗin haka ya koyar da tauhidi mai zurfi a cikin minti biyar, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Akwai kuma wani tunani da ke shiga zuciyar iyaye masu himma, wato cewa in sun riƙe komai a hannunsu, littafi da aboki da abin da kunne ke ji, to sakamakon tabbas ne: za a sami Kirista nagari kamar yadda ake samun bulo daga ma'auni. Karin maganarmu ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai yaro ya fi icce, domin Allah ya ba shi 'yancin da ko shi Mahaliccin ba ya ƙwacewa. Bangaskiya kyauta ce daga sama. Iyaye suna share gona, suna shuka, suna ban ruwa, amma ba su ke sa tsiro ba. Waliyya Monika, 'yar Afirka ta Arewa daga garin Tagaste a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ta shayar da ɗanta Agustin sunan Almasihu tun yana jariri. Ya girma ya tafi karatu Kartaj, ya bi wata ƙungiyar bidi'a har kimanin shekara tara, ya haifi ɗa ba da aure ba. Ta taɓa hana shi zama a gidanta, daga baya ta sake buɗe masa ƙofa. Ta je wurin wani bishop ta roƙe shi ya yi muhawara da yaron, bishop ya ƙi, ya ce lokacinsa bai yi ba, ta bar shi ta ci gaba da addu'a. Sai a 387, yana da shekara 32, aka yi masa baftisma a Milan, kuma a cikin wannan shekara ta rasu. Muna tuna wannan domin iyayen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu amma ɗa ya bauɗe, suna zaune a bayan majami'a da kunya. Ba lalle ne sun gaza ba, kuma labarin bai ƙare ba tukuna.

Wani zai ce, duk wannan maganar masu ilimi ce; ni da ban iya karatu ba, me zan koyar? Uwar Waliyyi Yohanna Bosko, wanda aka haifa a 1815 a wani ƙauye kusa da Turin a Italiya, ba ta iya karatu ba. Mijinta ya rasu yaron yana da shekara biyu, ta riƙe gona da yara uku da tsohuwar surukarta. Da ka ta koya masa addu'o'i da katekisma, ita ta shirya shi ya fara furta zunubi, kuma yakan ga yadda take ba mabaraci abinci a shekarar da su ma ba su ƙoshi ba. Wannan yaro ne ya zama uban makarantu da gidajen koyon sana'a da suka bazu a duniya. Kakanninmu da suka karɓi bishara bayan Fadan mishan sun sauka Shendam a 1907, da waɗanda suka karɓe ta daga baya a ƙauyukan da Fada ba ya zuwa sai sau ɗaya a wata ko biyu, yawancinsu haka suke. Abin da suka ba 'ya'yansu shi ne abin da Littafin Maimaitawar Shari'a ya umarta a sura ta 6, wato a riƙa zancen Ubangiji a zaune da a tafe, da kwanciya da tashi. Wannan darasi ba shi da ƙararrawa. Ana koyar da shi sa'ad da uwa ta auna hatsi ba ta danne mudu ba, sa'ad da uba ya ɗaga murya ga matarsa sannan ya dawo ya nemi gafara yara suna ji, sa'ad da aka tsaya aka yi alamar gicciye kafin a sa hannu a akushi. A makarantar gida malami ba ya tashi daga aiki, kuma ɗalibai suna ganinsa a lokutan da malamin aji yake ɓoye a gidansa. Wannan ne ƙarfinta, shi ne kuma abin da ya sa take da ban tsoro ga mai koyarwa.

Amma uwar Bosko ba ta ce abin da ta sani ya ishe shi ba. Ta yi faɗi-tashi, ta jure rabuwa da shi, domin ya sami firist da malaman da za su koya masa abin da ita ba ta da shi. A nan ne za mu koma ga wasiƙar Paparoma ta 1981, domin shi da ya ɗaukaka haƙƙin iyaye shi ne kuma ya ce iyali ita ce makaranta ta farko amma ba ita kaɗai ba ce. Ikilisiya ta cikin gida ɗaki ne a cikin babban gida, ba ta da bagade nata, ba ta da wurin baftisma nata. Linjila ta Luka ta ba mu labarin yadda Yusufu da Maryamu suka yi tafiyar yini guda daga Urushalima ba su nemi Yesu ba, domin suna tsammani yana cikin ayari tare da dangi da abokan arziki. Ashe ko Iyali Mai Tsarki ba su rene ɗansu a bayan katanga ba. Suna da jama'ar da suka amince ya yi yawo a cikinta. Da suka same shi kuma, a tsakiyar malamai suka same shi, yana saurare yana tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu da muka gaji cewa ɗa na kowa ne bai kamata a koya mana wannan daga waje ba.

Haka nan kada mu manta da hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Nijeriya su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kuma takardar jarrabawa ce ke buɗe wa yaro ƙofar gaba. Saboda haka ba muna kira ga kowa ya cire ɗansa daga makarantar da ke aiki lafiya ba. Inda makaranta take a buɗe kuma hanya tana da aminci, a tura yara, a kuma ci gaba da zama malamansu na farko in sun dawo da yamma. Inda aka rufe, ko aka watse, ko iyali suna gudun hijira, a nan ne makarantar gida ta zama wajibi, kuma a nan ne ya kamata sauranmu mu ji kunya in muka bar uwa ɗaya tana fama ita kaɗai.

Kusan kowace ikilisiya tana da malamin makaranta da ya yi ritaya, da matasan da suka gama sakandare suna zaune, da Zumuntar Mata da ta san kowane gida da abin da ke cikinsa, da ɗakin katekisma da ke kulle daga Litinin zuwa Juma'a. Gida biyar ko shida za su iya haɗa 'ya'yansu a zaure ɗaya: wannan ya koyar da lissafi, wancan karatu, wata tsohuwa ta ba da labarin Yusufu da 'yan'uwansa, a buɗe da addu'a a rufe da addu'a, in ɗan maƙwabci ya leƙo yana son koyon baƙaƙe a matsa masa wuri a tabarma. Muna roƙon majalisar kowace ikilisiya da kowane katekis na ƙauye su fara da abu ɗaya kafin ƙarshen watan nan: a bi gida gida a rubuta sunan kowane yaro da ya yi wata uku ko fiye ba ya zuwa makaranta, da shekarunsa, da ajin da ya tsaya, a tabbatar an tambayi 'yan mata da sunansu, domin su ne ake mantawa in ana lissafi. A kawo takardar wurin Fada bayan Misa ta Lahadi, a zauna a duba wa zai ɗauki wa.